Abin da Sakatare Ya Yanke

Abu ɗaya tak Umma ta roƙi ɗanta Sakatare tun bayan rasuwar mijinta, kuma a ganinta ba wani abin wahala ba ne: so take ya kunna mata muryar marigayin ta ji. Shi kuwa Sakatare yana da waƙoƙin mahaifinsa dubu biyu da ɗari uku da sha ɗaya a jere cikin kwamfuta, kowacce da sunanta da shekararta, amma ba shi da wannan muryar ko ta daƙiƙa ɗaya. Da hannunsa ya goge ta. Ga yadda abin ya faru.

Sakatare ba shi ne ainihin sunansa ba. Baba ne ya laƙaba masa tun yana aji uku, ranar da ya same shi ya jera takalman mutanen gida daga babba zuwa ƙarami, har ya rubuta wa kowanne lamba da alli. Sunan ya bi shi makaranta, ya bi shi kamfanin gine-ginen da yake kula musu da ɗakin ajiye takardu, har matarsa ma da shi take kiransa. Bai taɓa jin haushi ba. Mutum ne da in ka ce masa shi dai abu ba ya ɓata a hannunsa, to ka gama da shi, ranar nan ko abinci bai ci ba ya ƙoshi.

Baba mai gyaran agogo ne. Yana da ɗan shago a bakin titi tsakanin mai faci da mai sayar da magani, kuma a kan kantarsa akwai wata rediyo mai rakoda da ba a yarda kowa ya taɓa ba. Shekara talatin ya yi yana ɗaukar waƙoƙi daga rediyo yana tarawa a kaset. Yana da wata ɗabi'a da kowa a gidan ya sani. Kafin shirin waƙoƙi ya fara, sai ya danna jan maɓalli, ya gyara murya, ya faɗi rana da kwanan wata da lokaci har zuwa minti, don shi mai agogo ba ya cewa wajen ƙarfe huɗu. Daga nan kuma sai abin da ya zo bakinsa. An yi ruwa jiya, wane ya kawo agogo ya manta da shi, 'yarsa Yaya tana ciwon haƙori, Umma ta tashi da fushi ba a san dalili ba. Wani lokaci minti ɗaya, wani lokaci biyar, sai shirin ya fara ya katse shi. Haka yake yi a farkon kowane gefe na kowane kaset.

Da idon Baba ya yi rauni ya rufe shago, aka kwaso kaset ɗari huɗu da sha biyu a kwalaye aka jibge a gida. Wasu sun fara cin zare, wasu rubutun jikinsu ya koɗe. Sakatare ya duba ya ga aikinsa ne ya zo har gida. Ya sayi wata 'yar na'ura da ake haɗawa da kwamfuta, ya kafa tebur a falon iyayensa, ya riƙa zuwa kowace Asabar da Lahadi. Kaset ya juya daga farko har ƙarshe, kwamfuta ta kwashe shi a dogon fayil guda, shi kuma ya bi ya yayyanka waƙa-waƙa. Kowace waƙa tana da gurabe da ake cike mata, kuma Sakatare bai bar gurbi ko ɗaya a wofi ba: sunan waƙa, sunan mawaƙi, tashar da ta sa ta, lambar kaset, gefen farko ko na biyu, ranar da aka ɗauka. In bai san sunan mawaƙi ba sai ya hana kowa sakat har sai ya samo. Akwai waƙar da ya yi sati uku yana bin tsofaffin abokan Baba a kanta.

A allon kwamfuta sauti yana fitowa ne a zane. Kiɗa yakan fito da kauri, ya yi sama ya yi ƙasa, magana kuwa siririya take fitowa. Cikin 'yan kwanaki Sakatare ya iya gane maganar Baba da ido kawai. Sai ya saurari daƙiƙa goman farko, ya rubuta rana da lokaci a gurbinsu, ya shata sauran siririn zanen har zuwa inda kiɗa ya fara, ya danna gogewa. A tsarinsa babu gurbin surutu. Dogayen fayilolin kuma suna cinye masa wuri, don haka duk wanda ya gama yankewa ya tabbatar waƙoƙin sun fita lafiya, sai ya share shi.

A nan dole a yi masa adalci. A lokacin Baba yana nan da ransa, yana zaune a kujerar da ke bayansa, yana zuba magana daga hantsi har la'asar, yana gyara masa sunayen mawaƙa, yana ba shi labarin da ya riga ya ba shi sau ashirin. Sau da yawa Sakatare sai ya toshe kunne ɗaya da yatsa kafin ya ji abin da Baban cikin kaset yake faɗa, saboda Baban cikin falo. Muryar da ta cika gida haka, wa zai ce a adana ta? Baba kansa bai taɓa tambaya ba. Da aka gama aikin bayan shekara ɗaya da rabi, abin da ya fi burge shi shi ne ya ambaci waƙa kafin ya rufe baki ta fara tashi. Ya yi ta gwada ɗan nasa da tsofaffin waƙoƙi ko zai kama shi, bai kama shi ba. Sakatare ya yi kwafi uku, ɗaya a gida, ɗaya a ofis, ɗaya a gidan Yaya, yana ta bayanin cewa ko gobara aka yi ba abin da zai ɓata.

Wata takwas bayan haka Baba ya kwanta ciwo na kwana shida, ya rasu.

Yaya ita ce babbar 'yarsu, ma'aikaciyar jinya ce, kuma ita ta dage Umma ta koma gidanta da zama. Ranar kwashe kaya aka iske kwalayen kaset sun sha danshi, sun yi fumfuna, suna wari. Sakatare ya kira mai sayen tarkace. Umma ta tsaya a kan kwalayen ta dafa ɗaya, ta ce ko za a bar mata guda biyu ko uku. Ya ce da ita, cikin muryar nan tasa ta wanda ya san aikinsa, ai ko rakodar da za ta kunna su babu, kuma fumfunar za ta tayar mata da tari.

"Umma, duk abin da ke cikinsu na kwashe. Ko ɗaya ban bari ba."

Ba ƙarya ya yi niyya ba, haka ya yi imani har cikin ransa. Ta ɗauke hannunta. Mai tarkace ya loda kwalayen a baro ya tura.

Da ta zauna a gidan Yaya, ya saya mata 'yar sifika mai memori, ya zuba mata waƙoƙin duka, ya buga mata jerinsu a takarda da manyan haruffa ya ɗinke kamar littafi. Ya tafi gida yana jin ya yi abin da ɗa na kirki yake yi.

Wata biyar suka wuce. Wata Asabar da hantsi ya je gaishe ta, ya same ta a ɗakinta da sifikar a kan cinya da littafin a buɗe. Ya lura ta bi jerin da fensir tana sa 'yar alama a gefen kowace waƙa, ta wuce dubu ɗaya da ɗari shida. Ya ji daɗi, har ya fara tsokanarta cewa ashe ita ce babbar mai son waƙa a gidan ba a sani ba. Ta yi murmushi, sannan ta ce akwai abin da take son tambayarsa tun tuni, tana jin nauyi ne saboda ta san aiki ya yi masa yawa.

"Kullum bayan azahar nake kunnawa, ɗaya bayan ɗaya, amma har yau ban iso inda Babanku yake magana ba. Ina ga ni ce ban iya latsawa ba. Ko za ka nuna mini?"

A take Sakatare ya ga siririn zanen nan a idonsa, ya ga yatsansa a kan maɓalli. Wata biyar kenan tsohuwar nan tana zaune tana bin waƙoƙi tana jiran abin da babu, tana kuma ɗora wa kanta laifi. A nan ya kamata ya faɗi gaskiya, kuma ya san haka. Amma bakinsa ya riga shi. Ya ji kansa yana cewa ai maganganun Baba suna wata folda ce daban, bai zuba mata ba ne, zai kawo mata sati mai zuwa. Ta yi ta sa masa albarka har bakin ƙofa, kowace albarka tana sauka a kansa kamar mari.

Ya tashi neman muryar nan ruwa a jallo. Ya duba kwafin gida, ya duba na ofis, ya aika a karɓo masa na gidan Yaya da sunan zai sabunta shi, duk da ya san ukun abu ɗaya ne. Ya tono tsohuwar kwamfutar da ya yi aikin da ita ya kai wa wani mai gyara da ake cewa yana dawo da abin da aka goge. Mutumin ya riƙe ta kwana biyu, ya ce da a ce sati ɗaya ne ko wata ɗaya da an gwada, amma an rubuta wasu abubuwa a kan wurin sau ba adadi. Da ya ga yadda fuskar Sakatare ta yi, sai ya rage murya ya ce yanzu akwai manhajar da ke kwaikwayon muryar mutum, in dai an ba ta minti ɗaya na asalin muryar, sai ta faɗi duk abin da aka rubuta mata. Sakatare ya ji zuciyarsa ta yi tsalle don murna, kafin ya tuna ba shi da minti ɗayan. A hanyar gida kunya biyu ta haɗu masa, ta rashin muryar da ta murnar da ya yi cewa zai iya yaudarar mahaifiyarsa.

Ya nemo mai tarkace a filin da suke tara kaya. Mutumin ya tuna kwalayen sarai, ya ce robar an niƙa ta tun a satin, zaren kuma ba shi da mai saye, an ƙone shi da sauran shara. Ya duba bidiyon ranar da Yaya ta gama makarantar jinya. Ga Baba nan a ciki, bakinsa yana motsi, yana nuna wani abu da hannu, amma mai haɗa bidiyon ya ɗora kiɗa a kai daga farko har ƙarshe. Waya kuwa Baba bai taɓa barin saƙon murya ba, shi in ya kira ka ya ce ka zo, ya kashe.

Abin da ya rage masa shi ne fatan ya yi kuskure. Ya ɗauki hutun kwana uku a wurin aiki, ya zauna ya buɗe waƙar farko ta kowane gefe na kowane kaset, ɗari takwas da ashirin da huɗu, yana addu'ar Allah ya sa ko sau ɗaya hannunsa ya goce ya bar kalma biyu. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana alfahari ba ya kuskure, ga shi yana roƙon a nuna masa inda ya yi sakaci. Bai yi ba. Kowace waƙa ta fara daidai inda kiɗa ya fara, tsaf, ba ƙura. A kaset na ɗari biyu da bakwai kaɗai ya ji wani ɗan ƙas, ƙarar maɓallin rakoda, wato yatsan Baba ne. Ya maimaita shi ya fi sau talatin, sannan ya rufe kwamfutar ya kifa kansa a kan tebur.

Sati ɗaya ya zama uku. Ya ce wa Umma kwamfuta ta sami matsala, ya ce aiki ya taso, ya ce memorin ne bai dace ba. Asabar biyu a jere bai je gaishe ta ba, abin da bai taɓa yi ba. Matarsa, wadda ita kaɗai ta san gaskiya, ta ce masa goge muryar kuskure ne, kowa yana yi, amma abin da yake yi yanzu ba kuskure ba ne. Sai Yaya ta kira shi a ofis ta ce wai me ke faruwa ne, Umma ta daina kunna sifikar, ta ce tana adana batirin ne saboda ranar da zai kawo, kuma ta hana a matsa masa, ta ce Sakatare ba ya alkawari ya saɓa.

Washegari Asabar ya tafi bayan la'asar. Ya tsaya a ƙofar gidan ya fi minti goma yana duba tayar motarsa da ba abin da ya same ta. Ya sami Umma a ɗaki tana ninke kayan makarantar jikokinta. Da ta gan shi da jakar kwamfuta sai ta ture kayan gefe, ta jawo sifikar ta ajiye a tsakaninsu, ta gyara ɗankwali kamar wadda za ta yi baƙo. Bai iya zama a kujera ba, sai ya zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta.

Ya faɗa mata tiryan-tiryan, idonsa a kan ledar ɗakin. Ya faɗi yadda ya riƙa yankewa, da yadda ya share dogayen fayilolin, da mai gyara, da mai tarkace. Ya ce babu wata folda, bai taɓa yin ta ba, ƙarya ya yi mata. Ya so ta yi faɗa. Da ta ɗaga murya ko ta kore shi, da ya sami inda zai ajiye kunyarsa. Ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallon sifikar.

"Duka?" ta ce.

"Duka, Umma."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta ce to, abin da ya wuce ya wuce, kuma ya yi haƙuri ta sa shi yawo a gari. Sannan ta yi wata 'yar dariya marar daɗi ta ce bari ta gaya masa abin da ba ta taɓa gaya wa Baba ba: ita fa waƙoƙin nan ba su taɓa yi mata daɗi ba, ko ɗaya. Shekara talatin tana jure su. In ya kunna kaset a gida, farkon kawai take saurara daga kicin, don a nan take jin abin da ke ransa, tunda shi ba ya iya faɗa mata ido da ido, sai ya faɗa wa rakoda. In ya ɓata mata rai, a can yake ba da haƙuri, ya zo gida ya kunna da ƙarfi kamar ba da gangan ba.

Sakatare bai san wannan ba.

Can sai fuskarta ta ɗan saki, kamar wadda ta tuna inda ta ajiye wani abu. Ta sunkuyo ta dafa kafaɗarsa.

"Amma ai kai ka ji su. Kai ne na ƙarshe da ya ji su, kuma duka ka ji. Ba sai da muryarsa ba. Faɗa mini ko guda ɗaya, me yake cewa?"

Ya buɗe baki. Ya lalubi kansa daga wannan kusurwa zuwa waccan, kan nan da ya riƙe lambar kowane fayil a kamfani, bai sami jimla ɗaya ba. Wannan ita ce gaskiya ta biyu, kuma ta fi ta farko ɗaci. Ya ce mata bai saurara ba. Daƙiƙa goman farko kawai yake ji, ya ɗauki rana da lokaci, ya yanke sauran ba tare da ya ji ba, don aikin ya yi sauri.

A wannan karon ta ɗauke hannunta daga kafaɗarsa. Ba da fushi ba, ta dai mayar da shi kan cinyarta. Ana jiyo Yaya a tsakar gida tana faɗa da yara a kan famfo. Sakatare ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige, amma ƙasa ba ta yi masa wannan alfarmar ba.

"Ranar da lokacin," Umma ta ce daga baya, "su ka rubuta?"

Ya ce suna nan, ko ɗaya bai ɓata ba. Kalmar ta fito masa da kunya, don ya san inda ya taɓa faɗin irinta.

"To karanta mini."

Ya buɗe kwamfutar a kan gwiwarsa, ya nemo kaset na ɗaya, gefen farko. Ya karanta: Laraba, tara ga watan huɗu, ƙarfe huɗu da minti goma sha biyu na yamma. Umma ta rufe ido. Ya ga leɓɓanta suna ɗan motsi, ta karkata kai tana jiran abin da ke biyo baya, shi kuma ba shi da abin da zai ƙara. Ya yi sauri zai wuce na gaba, sai ta ɗaga hannu ba tare da ta buɗe ido ba.

"Kana sauri. Shi a hankali yake faɗa. Sake."

Ya sake karantawa, a hankali. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta gyara zama ta ce ya karanta na biyu.